Raunin Injin Dizal da Laifin da Ake Ɗora wa Tabo: Bayani daga Ƙasar Kazaure da Ɓaɓura

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar nan da ta taso daga Kano, ta ratsa Ɗambatta da Kazaure ta nufi Daura da Kwangwalam, ba zai rasa ganin wata babbar mota tana jan ciki a kan hawa ba, hayaƙi baƙi wuluk yana turnuƙewa a bayanta, yaron mota kuwa ya diro yana biye da ita da weji a hannu. In aka tambayi direban abin da ya faru, amsarsa ba ta wuce kalma uku: "Ba ta ja." In ya kai ta gareji, sau da yawa hukuncin da za a yanke shi ma ba ya wuce kalma uku: "Tabo ya tafi." Tsakanin waɗannan jimloli biyu akwai dogon bincike wanda ya kamata a yi, amma aka saba tsallake shi, kuma wannan tsallakewa ita ce ke cinye ribar masu motoci, har ta kai wani ga sayar da motar da ba ta da laifin kirki.

Manufar wannan lacca ita ce a bi wannan bincike daki-daki, a ga abin da ke raunana injin dizal, da yadda ake gane lokacin da tabo yake da laifi da lokacin da aka yi masa ƙazafi. Tabo dai da ake nufi a nan ba wanda ke jikin riga ba ne, ba kuma wanda miki ke bari ba ne. Wata na'ura ce da ke cusa iska cikin inji, wadda sunanta ya shigo Hausa ta bakin makanikai.

An ɗauki ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura a matsayin fagen misali domin sun haɗa abubuwan da ke jarraba inji. Ukun farko, tare da 'Yankwashi, su ne masarautar Kazaure, ƙasa mai duwatsu da hawa da gangara. Ɓaɓura kuwa tana masarautar Ringim, a kan iyakar Jamhuriyar Nijar, ƙasa ce ta rairayi. Dukansu suna cikin Jihar Kano har zuwa ran 27 ga Agusta, 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Arzikin wannan yanki, tun daga hatsi da dabbobi har zuwa kayan lambun da ake nomawa da rani a gefen madatsar ruwan Kazaure, a kan man dizal yake tafiya kasuwa. Tirela da tanka da tifa da tarakta da manyan janareto duk shi suke sha, haka kuma manyan injunan da suka shigo yankin bayan an aza harsashin hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi a 2021, wadda aka tsara ta bi ta Kazaure. Man nan a bakin jama'a sunansa gas. In an haura iyaka kuwa sai a ji ana ce masa gazuwal.

Yadda Injin Yake Samun Ƙarfi

Injin dizal ya samo sunansa daga Rudolf Diesel, Bajamushen da ya yi nasarar tayar da irinsa na farko a garin Augsburg a 1897. Bambancinsa da injin fetur shi ne ba shi da filogin da ke ƙyasta wuta. Iska zalla yake zuƙa, sa'an nan fistin ya matse ta a cikin silinda har ta koma kamar kashi 1 cikin 16 ko 1 cikin 20 na girmanta. Matsin nan shi ke sa ta yi zafin da ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyas. A daidai wannan lokaci sai nozul ya fesa mai kamar hazo, man ya kama da wuta da kansa, ya tura fistin ƙasa. Ke nan ƙarfin inji ya rataya a kan abubuwa huɗu: isasshiyar iska mai tsabta, isasshen mai a lokacin da ya dace, matsi mai kyau a cikin silinda, da buɗaɗɗiyar hanyar da hayaƙi zai fita.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne yawan iskar da ake bukata. Kafin lita 1 na gas ya ƙone sarai, sai an ba shi aƙalla lita 10,000 na iska, kuma a aikace injin dizal yakan zuƙi fiye da haka. Direba yana ganin man da ya saya domin ya biya kuɗinsa. Iskar kuwa kyauta ce, saboda haka ba ta cikin lissafinsa. Alhali kuwa mafi yawan raunin da ake kai wa makanike ƙara a kansa, ta wajen iska yake farawa.

Wannan bukata ita ta haifi tabo. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar a 1905. Manyan jiragen ruwa ne suka fara cin moriyarta a shekarun 1920, kamfanin Saurer ya sa ta a babbar mota a 1938, ƙananan motocin dizal kuwa sai a 1978 da Mercedes 300SD, sa'an nan Peugeot 604 a 1979. Siffar na'urar ba ta da wuyar ganewa. Farfela ce guda biyu a bakin sandar ƙarfe ɗaya, kowace a cikin gidanta mai kama da katantanwa. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya ta farko. Ita kuma ta juya 'yar'uwarta, wadda ke zuƙo iska daga waje ta danna ta cikin inji. Watau an mayar da abin da da za a zubar ya zama mai hidima. Da wannan dabara silinda yakan sami kusan ninki biyu na iskar da zai iya zuƙa da kansa, saboda haka a ba shi ƙarin mai, ƙaramin inji ya yi aikin babba.

Sai dai hidimar tana da tsada ga na'urar. Tabon babbar mota yakan juya wajen sau 100,000 a minti ɗaya, na ƙaramar mota kuwa yakan haura 200,000. Ɓangaren hayaƙi yakan kai digiri 700 in ana hawa da kaya. Sandar da ke tsakiya ba ta zauna a kan komai ba face ɗan siririn shimfiɗin baƙin mai da famfon inji ke turowa. Wanda ya riƙe waɗannan abubuwa uku, gudu da zafi da baƙin mai, ya riƙe dalilin mutuwar kusan kowane tabo.

Akwai wata hujja kuma da ta kamata a ajiye tun yanzu. Tsofaffin injunan niƙa na ƙauyukan Roni da Gwiwa, da taraktoci da yawa, da tsofaffin manyan motocin da suka cika hanyoyin Arewa a shekarun 1970, ba su da tabo ko kaɗan, amma su ma suna rauni, suna baƙin hayaƙi, suna kasa hawa. Cutar da ke kama wanda ba shi da wata gaɓa, ba za a ce lalle daga gaɓar nan take fitowa ba.

Tambaya Kafin Sufana

Kayan aikin makanike na farko kunnensa ne. Direbobin Hausa suna yi wa mota magana kamar mai rai: tana tari, tana shaƙewa, tana kuka, ta yi sanyi, numfashinta ya ɗauke. Waɗannan kalmomi ba ado ba ne kawai, kowace tana nuni ga wuri dabam, in an sami mai haƙurin warware ta. "Ba ta ja" kuwa jaka ce da aka zuba cututtuka goma a ciki, tilas sai an zazzage ta.

Alal misali, a ce direba ya taso daga Ɓaɓura da lodin buhuna, ya iso gareji da rana tsaka. Gwanin makanike ba zai fara da buɗe inji ba.

"Sannu da hanya, direba. Yaushe ta fara?"

"Wallahi, maigida, jiya lafiya lau muka kwana. Yau ina cikin tafiya na ji fus, shi ke nan ta saki."

"Hayaƙin fa, wane iri?"

"Baƙi ƙirin, in na taka totur."

Da wannan 'yar magana an rage rabin aiki. Raunin da ya zo farat ɗaya tare da ƙara da baƙin hayaƙi, alama ce ta tiyon iska da ya fashe ko ya kwance. Wanda ya zo sannu a hankali cikin makonni yana nuni ga matata da ke toshewa, ko inji da ke tsufa. Wanda ba ya bayyana sai a hawa, a shimfiɗaɗɗiyar hanya kuwa mota ta tafi sumul, ya fi kama da ƙarancin mai. Wanda ke zuwa bayan an sha mai a wani wuri, to, a fara tuhumar man. Haka kuma sai an tambayi abin da aka taɓa a motar kwanan nan, domin gyaran jiya shi ne uban matsalar yau a lokuta da dama.

Kafin a zargi inji ma, sai an tabbata shi ne mai raunin. In inji yana ƙara ruri amma mota ba ta ƙara sauri, ga kuma ƙauri, kuloci ne ke sulɓewa. In an yi 'yar tafiya aka taɓa kusa da wili aka ji ɗaya ya fi sauran zafi, birki ne ya riƙe. Taya maras isasshiyar iska tana cin ƙarfi, musamman a rairayi. Sa'an nan ga babbar magana wadda ba a son faɗa a gaban mai mota: lodi. Motar da aka ƙera don tan 30 aka ɗora mata 45, in ta kasa hawa ba ta yi laifi ba.

Launin hayaƙi shi ne shaida na biyu. Baƙi yana nufin mai ya fi iska yawa, ko dai iskar ta ragu ko nozul yana zubar da mai maimakon fesawa. Shuɗi-shuɗi mai ƙaurin baƙin mai yana nufin baƙin mai yana shiga wuta, ta ringi ko ta bawul ko ta tabo. Fari mai yaji a ido man gas ne da bai ƙone ba. In da sanyin asuba ne na hunturu kuma ya ɗauke bayan inji ya ɗumama, ba abin damuwa ba ne. Fari mai kama da tururi tare da raguwar ruwan lagireto, gasket ne ake jin tsoro. Rauni ba tare da hayaƙi ba kuwa, galibi mai ne bai isa ba.

Hanyar Iska

A nan ne ƙasar Kazaure da Ɓaɓura take da nata hukunci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗauko ƙura daga hamada, ƙura mai laushi kamar gari, wadda ke rataye a sama kwana da kwanaki. Hanyoyin ƙauye da ba su da kwalta suna ƙara tasu, balle in mota tana bin bayan wata. In an tuna da lita 10,000 ɗin nan na iska a kan kowane lita na mai, za a gane irin ƙurar da matatar iska take tarewa a tafiya ɗaya. Da ta toshe, inji ya shaƙe, ƙarfi ya ragu, hayaƙi ya yi baƙi.

Toshewar tana da wata illa da ke ruɗar makanikai ƙwarai. In tabo ya zuƙa bai sami iska ba, sai zuƙar ta jawo baƙin mai daga tsakiyarsa zuwa cikin tiyo. Makanike ya kwance tiyo ya ga mai, ya ce tabo ya tafi. Alhali tabon lafiyarsa ƙalau, matatar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba ita ce ta jawo masa sharri. Haka nan in bututun da ke mayar da baƙin mai daga tabo zuwa ƙasan inji ya toshe ko ya lanƙwashe, ko kuwa ƙofar da inji ke fitar da iska ta ƙasa ta cushe, man zai rasa hanya ya ɓulla ta wajen farfela. Ɗan damshin mai a cikin tiyon iska kuwa abu ne da aka saba gani ko a lafiyayyar mota.

Al'adar da ta fi kowace ɓarna ita ce ta kai matata wurin mai faci ya hure ta da iska mai ƙarfi, ko a buga ta da ƙasa. Takardar da ke ciki takan tsage a wurin da ido ba ya gani. Mota ta sami numfashi, direba ya yi murna, ƙura kuwa ta sami ƙofa. Ƙurar nan yashi ce, tana cin bakin farfela kamar sanfefa, ta wuce ta ci ringi da silinda. Wasu ma sukan cire matatar ɗungurum su ɗaura ƙyalle. Tsofaffin taraktoci da manyan motoci suna da matata mai kwanon baƙin mai a ƙasa, wadda ake wankewa a sake zuba mai, kuma ta dace da ƙasar ƙura. Ta takarda kuwa ta fi ta tacewa, amma in ta cika magani ɗaya ne, a sake ta. Mai son sanin ko ƙura tana wucewa, sai ya shafa yatsa a cikin bututun da ke bayan matata. In ya fito da gari, an riga an yi ɓarna.

Bayan tabo iskar tana bi ta tiyo zuwa wani abu mai kama da lagireto a gaban mota, wanda aikinsa shi ne sanyaya ta, domin iskar da aka matse takan yi zafi, iska mai zafi kuwa ba ta da nauyi. Ko ina a wannan hanya aka sami tsaga, iskar da tabo ya sha wuyar tarawa za ta tsere. Alamarta ƙara ce kamar huci in an taka totur, da baƙin hayaƙi, da danshin mai a bakin mahaɗa. Ruwan sabulu ya isa ya tona ta. Zafin bazara ma yana da nasa kaso: a watan Afrilu da Mayu, in zafi ya kai digiri 40, iskar takan rasa kamar kashi 8 cikin 100 na nauyinta in an gwada da ta digiri 15. In ƙaiƙayi da laka sun toshe fuskar na'urar sanyayawa a kan haka, motar da ta hau dutse da asuba ba za ta hau shi da azahar ba.

Hanyar Mai

Tun da aka sake farashin gas ga kasuwa a 2003, musamman bayan tashin da ya yi a 2022 har ya ninka fiye da sau biyu cikin shekara ɗaya, kowane direba yana neman inda zai sami sauƙi. Man jarka da na duro a bakin hanya ba duka ne gurɓatacce ba, amma ba mai iya rantsewa a kan tsabtar mazubinsa. Ruwa da tsatsa da ƙasa su ne abokan tafiyarsa. A shekarun da kananzir ya fi gas araha an sha gauraya su, kananzir kuwa ba shi da santsin da famfo da nozul suke dogara da shi, sai su cinye kansu.

Matatar mai da ta fara toshewa tana barin ɗan abin da zai isa a tafi a shimfiɗe, amma in an zo hawa, inji ya nemi ƙari, sai ta hana. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a ja tiyo daga jarka mai tsabtataccen mai kai tsaye zuwa inji. In ƙarfi ya dawo, laifin yana tsakanin tanki da matata. In an sa ɗan tiyo mai garai-garai aka ga kumfa na wucewa, iska ce ke shiga ta wata mahaɗa. In an buɗe murfin tanki aka ji ya zuƙi iska, ƙofar numfashinsa ce ta toshe. Mafi yawan motocin dizal suna da ɗan kofi a ƙarƙashin matata inda ruwa ke taruwa, da kusar tsiyaye shi, amma direbobi nawa ne suka taɓa murɗa ta?

In duk wannan ya fita, sai a koma kan nozul da famfo, a kai su wurin masu na'urar gwaji. A nan akwai gargaɗi. Motocin da aka ƙera bisa tsarin da ya fara shiga ƙananan motoci a 1997, inda dukan nozul ke sha daga bututu ɗaya, suna matsa mai har ya kai ninki 1,600 zuwa 2,500 na matsin iskar sarari. Tsirin mai a irin wannan matsi yana huda fata. Dabarar da aka gada ta sassauta noti ana laluben yoyo da hannu inji yana aiki, a kan irin wannan mota tana iya jawo asarar yatsa.

Matsin silinda shi ne na ƙarshe. Injin da ringinsa ya cinye yana wuyar tashi da safe, yana shan baƙin mai, kuma in an buɗe murfin zuba mai yana aiki sai a ga yana huci kamar tukunya. Irin wannan ko an sa masa sabon tabo ba zai ja ba.

Motocin da Ke da Ƙwaƙwalwa

Ƙananan motocin dizal da bas-bas da ake shigowa da su na hannu daga Turai sun zo da wani sabon babi. An ƙera su don man da farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, ƙa'idar Turai tun 2009. A 2016, lokacin da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da rahotonta kan ƙazamin man da ake sayar wa Afirka, ƙa'idar Nijeriya ta yarda da har 3,000. An tsaurara ƙa'idar daga baya, kuma ƙasashen ECOWAS sun amince da 50 a 2020, amma motoci da yawa sun riga sun sha abin da suka sha.

Kunkunniya ita ce babbar abokiyar gābar waɗannan motoci. Suna da bawul da ke mayar da wani kashi na hayaƙi cikin inji. In kunkunniya ta riƙe shi a buɗe, inji ya yi ta shaƙar hayaƙinsa, ƙarfi ya faɗi. Suna da matata a cikin salansa wadda ke toshewa in mota ba ta samun doguwar tafiya. Tabon kansa yana da 'yan fikafikai masu motsi da ke daidaita hayaƙi, su ma kunkunniya takan daskarar da su, kuma sau da yawa wanki suke bukata, ba sauyi ba. Wani lokaci kuwa ɗan siririn tiyon roba da ke jan sandar tabo ne zafi ya tsattsage. Da kwamfutar motar ta ga iska ba ta kai yadda take tsammani ba, ko ta wuce, sai ta rage ƙarfi da gangan don ta tsare inji. Alamar wannan ita ce mota ta saki a tsakiyar hawa, in an kashe an tayar ta dawo daidai, can kuma ta sake.

Irin wannan sai da na'urar da ake jonawa a karanta. Amma lambar da take nunawa shaida ce, ba hukunci ba. Lambar P0299, alal misali, cewa take iskar da ke shiga ta gaza. Ba ta ce tabo ya mutu ba, domin fasasshen tiyo ma ita zai kawo. Nan ne giɓin ilimi yake: tsohon makanike yana da kunne ba shi da na'ura, yaro yana da na'ura ba shi da kunne. Da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ɓaɓura a 2021, yankin bai rasa inda za a haɗa su biyun ba, kuma da Hausa za a fi saurin haɗa su.

In Tabon Ne da Gaske

Bayan an kashe inji ya huce, sai a kwance tiyon gaba a duba farfela da fitila. In bakinta ya gutsure ko ya lanƙwashe, wani abu ya shiga. In ya side kamar an goge, ƙura ce. Sa'an nan a kama sandar da yatsa biyu. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne, wurin da baƙin mai ke cikewa ne, muddin farfela ba ta taɓa gidanta ba. Motsi ciki da waje da hannu zai ji, ko gurzawa a jikin gida, ko sanda mai cijewa, ko kuka irin na jiniya da ke ƙaruwa da totur, waɗannan su ne shaidun da ake yanke hukunci da su.

Ko an yanke, da sauran tambaya: me ya kashe shi? Tabo ba ya cika mutuwa don kansa. Ko dai baƙin mai ya yanke masa, ko man ya ƙazantu, ko wani abu ya faɗa masa. Wanda ya tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo na Beljiyam ya ɗaura, bai duba bututun da ke kawo mai ba, bai yi juye ba, bai sake matata ba, bai wanke na'urar sanyaya iska daga tsohon mai da ɓarɓashin ƙarfe ba, to, ya shirya komawa kasuwa. Kafin a tayar da inji kuma sai an ɗura baƙin mai mai tsabta a ƙofar man sabon tabon, an juya farfela da hannu, sa'an nan a bar inji a silo na 'yan mintoci ba tare da an taka totur ba.

Wa'adin juye da aka rubuta don hanyoyin Turai bai dace da hanyar Gwiwa ba. Littattafan motoci da yawa su da kansu sun ce a raba shi biyu a wurin ƙura da zafi. Haka kuma ɗabi'u biyu na direbobi suna rage kwanan tabo. Ta farko ita ce taka totur da ƙarfi da zarar inji ya tashi, kafin mai ya iso sama. Ta biyu ita ce kashe mota nan take bayan doguwar tafiya ko hawa, wasu ma har da bugun totur na sallama. Da inji ya tsaya famfon mai ya tsaya, tabo kuwa yana nan da zafinsa, sai man da ya rage a ciki ya soye ya zama gawayi, ya toshe hanya. Minti 2 ko 3 a silo sun isa su hana wannan.

Akwai hali guda da ya kamata kowane direba da yaronsa su san shi tun bai zo ba. In tabo ya lalace ƙwarai yakan kwararo baƙin mai cikin inji, injin dizal kuwa yana iya ƙona baƙin mai kamar gas. Sai inji ya ɗauki ruri da kansa, hayaƙi ya rufe hanya, a zare makulli ya ƙi mutuwa, domin ba daga tanki yake sha ba. In mota mai kuloci ce, a danne birki, a sa babbar giya, a saki kuloci don inji ya shaƙe. In ba haka ba, a toshe bakin shigar iska da katako ko wani abu mai tauri, ba da tafin hannu ba, ba kuma da tsumma ba, domin zai haɗiye shi. In ba a iya ko ɗaya ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, a fitar da fasinja a yi nesa da motar, kada kowa ya tsaya ta gefen inji har ya mutu da kansa.